Gashin Shekara Bakwai

Da sunan Wanda ya ɗaga sammai ba ginshiƙi, ya ba haske ƙafar da ba ta gajiya, ya ƙulle wa kowane mai rai kwanakinsa a cikin fatarsa. Ku matso, masu kunne. Ku gyara zama, masu haƙuri. Ni ne Jatau ɗan Nomau, mutumin Birnin Zangaru, wanda ya bi haske a guje har ya kusa kama masa riga, wanda ya keta duniya uku, ya haɗiye shekara ashirin da takwas a loma biyu bai ƙware ba. Ban taɓa faɗawa rami na kasa fita ba, kuma har yau uwa ba ta haifi wanda zai yi mini wayo ba.

Haka nake faɗa a tashoshin da ba a san ni ba, kuma ana ba ni shayi a kai. Ku da kuka nace a rubuta muku yadda abin ya kasance, to ga shi ba gishiri. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga harafi ya karkace ku tallafe shi.

A duniyarmu ƙanƙara tana sauka kamar ƙwan jimina. Saboda haka akwai ƙaho guda a soron ƙofar Zangaru, ba a busa shi sai an hango hadarinta. In aka ji shi, kowa sai ya ɗauki lauje ya ruga gona ya yanki abin da ya samu kafin sama ta farfashe shi. Ni kuwa Allah ya ba ni maƙogwaro, ba kukan da ba na kwaikwaya, tun daga na zakara har na ƙofar da ba ta sha mai ba. Saura kwana ashirin gero ya nuna, rana tsaka, sama tas, na hau rumbun maƙwabcina na haɗa tafuka na busa. Nufina kawai in ga Sarkin Ƙofa Arzika yana gudu da tumbinsa. Na gan shi kuwa, na yi dariya har na faɗo daga rumbun. Kafin a gane ba hadari, an kwantar da sulusin geron gari ɗanye.

Zangaru ba ta da kurkuku, ba ta kuma dukan babba. Wanda ya cuci gari, a ƙofa ake zaunar da shi a aske shi tal, a fitar da shi. Ba zai sake shiga ba sai gashinsa ya kai tsawon wata sandar ƙarfe da ke rataye a soron, kamu biyu cif. Kakanni sun auna sun ga gashin mutum ba ya kaiwa nan sai ya shekara bakwai. Ranar dawowa, wanda ya jira ka a gida shi ke taje maka gashin a gaban jama'a, sannan a ɗora sanda.

Mai jirana ita ce matata Hansai. Allah bai ba mu haihuwa ba, takan ce ni ne mijin ni ne kuma yaron da ya hana ta hutu. Da aka gama askin ta dubi ƙoƙon kaina ta ce, “Maigida, ashe haka kanka yake kamar an fara fafe duma an fasa?”

Na ce, “Ki yi dariya, shekara bakwai ba za ki gan shi ba.”

Ta ce, “Zan gan shi. Bakwai ce, ba mutuwa ba ce.”

Gaskiyarta. Korarru suna da bukkoki a hayin rafi, ana hango su daga ganuwa. Duk ranar kasuwa Hansai sai ta zo da tuwo a ƙwarya, ta ajiye a kan dutsen tsakiyar ruwa, ta koma gaɓa ta zauna, mu yi hira da ɗaga murya. Ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓata, ni in yi mata kukan akuyar. Wallahi ba wahala a ciki sai zaman banza. Amma ni zama yake ci. Kullum da safe sai in shafa kai in ji kamar bayan bushiya. Kwana arba'in na yi, na ji kamar an binne ni.

Sai wani falke ya yada zango a hayinmu, ya ba ni labarin Tashar Bakin Sama, inda jirage ke tashi zuwa wasu duniyoyi. Ya ce akwai jirgi mai suna Shirwa, gudunsa saura ƙiris ya kamo haske. Wata shida zuwa, wata shida dawowa, amma in ka sauka sai ka tarar an yi shekara bakwai a gida.

Na miƙe zaune. Na ce, “Maimaita.”

Ya maimaita. Nan take na gama lissafina. Shekara bakwai za ta bi ta kaina kamar yadda damina ke bi ta kan gona, gashi ya tsiro ya zubo har ƙugu, ni kuwa guda ɗaya tak zan ji a jikina. Na ce kakannin Zangaru sun yi dabara, amma ba su san da Jatau ba.

Ranar kasuwa na ce wa Hansai zan ɗan zaga duniya. Ta ce, “Tuwon ne bai yi ba?”

Na ce, “Kafin ki wanke ƙwaryar nan na dawo da gashi har gadon baya.”

Ta ce, “Maigida, na san muryar nan. Da ita ka ce mini za ka je duba rumbu.”

Na yi mata kukan kurciya don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Na tafi.

Kwana tara na yi a hanya, na ratsa dajin da itatuwansa ke juya wa matafiyi baya, na haye kogin gishiri a kan kunkurun haya, har na iso Bakin Sama. Can na ga Shirwa a tsaye kan bindinta, ta fi ganuwar Zangaru tsawo sau goma. A gefenta akwai hasumiya da fitila a kai, wadda ke ƙiftawa sau ɗaya a kowace rana, don na cikin jirgi su riƙa duba gida ta wani babban gilashi. Aka ɗauke ni aikin wankin tukwane, muka tashi.

A cikin jirgi ba abin da ya sauya. Wake yana nuna a lokacin da ya saba, yunwa tana zuwa a kan kari. Na yi ta sauraron in ji shekaru suna wucewa ta kaina, shiru. A nan na saba da wanzamin jirgin, wani dattijo siriri mai suna Baba Cindo, wanda ke aske ma'aikata duk kwana bakwai. Ran nan ya kama ni ina auna gashina da tsinke, ya tambaye ni, na fayyace masa dabarata ina taƙama.

Ya ajiye aska. Ya ce, “Ɗan Zangaru, zauna. Wa ya yi maka wannan lissafin?”

Na ce, “Ni da kaina, Baba.”

Ya ce, “Ai na gani.”

Ya ɗauko madubansa biyu, ya ajiye ɗaya a ƙasa, ya riƙe ɗaya a sama suna kallon juna. Ya ce, “Ka ɗauka ɗigon haske yana tsalle tsakanin waɗannan, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Kowane tsalle bugu ɗaya ne. Ka ga agogo ke nan. Mu da muke tafe da shi, miƙe muke ganin hasken yana hawa yana sauka. To mutumin da ke tsaye a Bakin Sama fa, muna wuce shi a guje? Kafin hasken ya kai madubin sama, madubin ya yi gaba. A wurinsa hanyar karkace take, kamar haƙoran zarto. Wacce ta fi tsawo, miƙaƙƙiya ko karkatacciya?”

Na ce, “Karkatacciya mana. Ni ma ita nake bi, na sani.”

Ya ce, “To haske ba ya ƙara gudu don wani, ba ya ragewa don wani. Yadda ka auna shi haka na tasha zai auna shi. Hanya ta ƙaru, gudu bai ƙaru ba, dole bugun ya daɗe. Shi ya sa a lissafinsu agogonmu yana jan ƙafa, sai nasu ya buga bakwai namu ya buga ɗaya.”

Na tafa. Na ce, “Abin da na ce ke nan!”

Ya ce, “Tsaya mana, mai gaggawa. Ba agogon kaɗai ba. Zuciyarka, da yunwarka, da waken da ke tukunya, da gashin nan naka, duk tare da madubin nan suke tafiya. Lokacinka shi ne wanda agogon da ke tare da kai ya buga. Gashinka bai san Zangaru ba, kanka ya sani.”

Da na saurara da kyau, da hikayar nan ta ƙare a nan. Amma tun yana kan haƙoran zarto na lura rawaninsa ya kwance ta baya, kuma ga ƙugiyar rataye tawul kusa. Yana maganar zuciya da wake ina ɗaure bakin rawanin a ƙugiyar. Da ya miƙe rawani ya zauna, ma'aikata suka kwashe da dariya. Abin da na ɗauka daga karatun ke nan: bakwai da ɗaya, da kan Baba Cindo a waje.

Akwai kuma abin da ya ƙara rikita ni. Kullum nakan leƙa gilashin nan in duba fitilar gida. Maimakon ta ƙifta kowace rana, sai mu yi kwana goma sha huɗu kafin ta ƙifta sau ɗaya. Da muka sauka a Mashigin Taurari, ƙarshen tafiyar Shirwa, ƙiftawa goma sha uku kacal na ƙirga. Na tsaya a kasuwar Mashigi, inda ake sayar da ruwa a dunƙule kamar curin fura, na shafa kaina. Gashi bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Na ce falke ya yaudare ni. Gida ma kwana goma sha uku aka yi, Hansai ko kasuwa biyu ba ta ci ba, jirgin nan ba ya gudu. A tashar kuwa ga wani jirgi ana masa lodi, Kibiya, an ce ya ninka Shirwa sau uku wajen cin shekaru, zai yi gaba zuwa Tudun Jaura.

Baba Cindo ya tarar da ni da ƙunshina a kafaɗa. Ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Malam Jatau, na yafe rawani. Kada ka hau.”

Na ce, “Baba, da idona na ga fitila. Su ne suke jan ƙafa, ba mu ba.”

Ya ce, “Muddin ana tafiya miƙe, kowa ganin ɗan'uwansa yake yana jan ƙafa, mu da su duka, kuma ba mai ƙarya. Sai an sake haɗuwa ake gane wa ya tara kwanaki, kuma wanda ya juya ya dawo shi ne nasa ke kasawa. Ban da haka, hasken fitilar nan bin mu yake a baya, tsohon labari kake gani. Sauran ƙiftawar suna nan jere a hanya. Ranar da ka juya za su tarye ka a fuska.”

Na ce, “Wanzami da karatun taurari! Baba, koma ga ƙeya.”

Ya sake ni. Ya ce, “Allah ya ba matarka haƙuri.”

Wata shida muka yi a Kibiya. Tudun Jaura duniya ce fara fat, rana a can kamar ƙwayar gero take, in ka tofa yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Gashina ya rufe kunne, iyakarsa ke nan. A bakin tasha akwai wata mata mai rubuta sunayen baƙi, lulluɓe da fatu, gabanta allon ƙarfe mai nuna shekarun kowace duniya. Ta tambaye ni garinmu da ranar tashina, ta ja yatsa a kan allon.

Ta ce, “Baƙo, yau shekara goma sha huɗu da barinka Zangaru.”

Na yi dariya. Na ce, “Hajiya, ƙarya ni ma sana'ata ce, ba a yi mini.”

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Uku da rabi a Shirwa, goma da rabi a Kibiya. In ka juya yau, wata sha huɗun tana jiranka a hanya. Matsa, akwai na bayanka.”

Na matsa. Na zauna a kan wani dutse, sanyi yana shiga ta ƙasa, maganar wanzami tana dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har da waken. Na ja gashina da hannu biyu kamar zai ƙaru. Shekara ɗaya ce a kaina, ita ce kuwa. Ko na koma, biyu zan kai wa sandar da ke neman bakwai, Hansai kuma ta yi ashirin da takwas.

Mai hankali da ya yi kuka. Ni sai na ɗaga ido na hango garken ɓaunayen ƙasar. Manya ne kamar rumbuna, jelarsu baƙa wuluk, mai laushi, tana jan ƙasa kamar gashin amarya. Mutanen Jaura ba sa yanka su, ba sa taɓa musu gashi, da jelar ma suke rantsuwa. Na ari almakashi a kicin ɗin jirgi. Na laɓe bayan wani tudu na yi kukan ɗan maraƙi, wata babbar uwa ta taho tana huci, ta juya tana neman ɗanta, na kama jelar na datse. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ko ni ba zan iya kwaikwayonta ba. Makiyaya shida suka fito, kowannensu ya yi biyuna, suka ɗaure ni da igiyar fata suka nufi wani rami da suke jefa masu laifi.

Jelar tana cikin rigata, na naɗe ta a ciki. Na tuna Kibiya sau ɗaya take zuwa musu a shekara ashirin da ɗaya, kuma duk cukun nonon ɓauna da suka tara don sayarwa yana jibge a tasha ba a gama lodi ba. Na roƙi a sassauta mini hannu in yi addu'ar ƙarshe. Na haɗa tafuka na busa ƙahon tashin jirgi, dogo biyu gajere ɗaya. Suka dubi juna, suka yar da ni, suka zuba a guje zuwa tasha kada jirgi ya bar musu cuku, garin duka ya bi su. Na kwance kaina na bi ta baya na shige cikin tukwanen jirgi. An ce a turmutsutsun nan rabin cukun ya zube a kwazazzabo. Da can da na yi dariya. Wannan karon ban yi ba.

Da Kibiya ta juya, na je ga gilashi. Jama'a, Allah kada ya nuna muku abin da na gani. Fitilar da na saba jira mako da makonni ta koma ƙifta-ƙifta kamar idon mai zazzaɓi, sau arba'in da biyu a yini guda. Kafin in wanke tukunya ɗaya ta ƙifta, kafin in ɗauraye ta sake. Kowace ƙiftawa Hansai ta share tsakar gida, ta hura wuta, ta rufe ƙofa ita kaɗai. Na yi ƙoƙarin ƙirga ranakun kasuwa, na ga shida suna wucewa tsakanin karin kumallo da wani karin kumallon. Na rufe gilashin da tsumma, shugaban kicin ya cire ya ce ba nawa ba ne.

A Mashigin Taurari na tarar da Shirwa, da Baba Cindo a ciki. Ya je ya dawo sau uku, shekara uku ta hau kansa, ni ɗaya, tashar kuwa ta yi ashirin da ɗaya. Ya dube ni, ya matsa mini a benci. Na fito da jelar na shimfiɗa masa.

Na ce, “Baba, hannunka ya san gashi. Haɗa mini.”

Ya ce, “Ni ragewa na iya, ban iya ƙari ba.”

Na ce, “In ban shiga ba, biyar za a ƙara mata.”

Ya ce, “Yanzu ka fara lissafi da ita? Je ka faɗi gaskiya a ƙofa, ka zauna inda za ta riƙa ganinka.”

Na ƙi. Wata shidan nan na ƙarshe na yi su ina ƙulla jelar ɓauna a gashina, sili-sili, da zaren alharini da ƙaro, ina duba ƙeyata da maduban da ya yi mini karatu da su. Aikin ya yi kyau, ban taɓa yin abu da haƙuri irin wannan ba. Don zalama ma ban tsaya a kamu biyu ba, na bar shi uku.

Na iso ƙofar Zangaru ranar kasuwa da hantsi. Ganuwa ta ƙara tsawo, fuskoki duk baƙi. Arzika ya daɗe da rasuwa, ɗansa Bawa ne Sarkin Ƙofa, da furfura a gemunsa. Na kwance rawani, gashi ya zubo har gwiwa, kasuwa ta watse ta taru a kaina.

Bawa ya ce, “Kai ne Jatau mai ƙaho? Tun muna samari ake ba da labarinka. To ina tsufan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ruwan can ne, a dunƙule ake shansa, ba ya barin fata ta yamutse. Bakwai aka yanka mini, na ga laifina ya fi haka, na ninka sau huɗu don kaina.”

Aka yi ta salati. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, ya tuba. Bawa ya ce, “Ba ruwan sanda da fuska. A kira mai jiransa, in tana da sha'awa.”

Aka daɗe. Sai jama'a suka dare, wata maƙwabciya ta shigo riƙe da hannun wata tsohuwa ƙarama, mai farin kai, idanunta sun yi hazo. Da ba don yadda take karkata kai in tana sauraro ba, da ban gane ta ba. Na ce, “Hansai.” Ta tsaya cak.

Ta ce, “Muryar ba ta tsufa ba.”

Aka zaunar da ni a kan turmi, aka ba ta mataji. Ta fara daga ƙasa, a hankali, tana warware ƙarshen. Kasuwa ta yi tsit. Mataji yana ta hawa. Da ta kai kafaɗa ta ajiye mataji ta sa yatsu. Ido ya tafi, amma yatsun da suka shekara hamsin suna kaɗi ba a ɓoye musu ƙulli. Na ji sun tsaya a bayan kunnena, sun taɓa ɗaya, sun taɓa na biyu.

Na yi ƙasa da murya. Na ce, “Rufa mini asiri. Yau in kwana a gida, gobe in yi miki bayani.”

Ta sunkuyo, numfashinta a kunnena. Ta ce, “Nawa ka yi?”

“Hansai, mutane...”

“Nawa ka yi, a jikinka?”

Na ce, “Biyu.”

Har na zaci ta yarda. Ta ce, “Sun yi maka tsawo?”

Sai ta miƙe, ta naɗe gashin a hannunta sau biyu kamar mai jan guga, ta fizga. Ƙaro ya ɓalle, zare ya tsinke, na yi ƙara, jelar ɓauna ta taho mata gaba ɗaya. Ta ɗaga ta sama yadda na bayan kasuwa ma za su gani.

Ta ce, “Jatau!” Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa kiran sunana ba sai ran nan, a gaban gari. “Jatau, shekara uku ina kai tuwo dutsen rafi ina dawowa da shi. Sau huɗu dangina suna kai ni gaban alƙali a raba auren, ina cewa bakwai ce, zai zo. Bakwai ta wuce na ce hanya ce ta yi nisa. Na sayar da gona, na binne uwata, na binne taka. Da ka zauna a bukkar can kana cin tuwona kana yi mini kukan akuya, da yau shekara ashirin da ɗaya kana gida. Ashe gudu ka yi don kada zama ya dame ka, ka bar mini shi duka, naka da nawa. Sannan ka zo mini da wutsiyar dabba in taje?”

Ta jefa mini ita a cinya. Wani ya fara dariya a baya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye. Ni da na rayu ina neman a yi dariya, ran nan na roƙi Allah a yi ta, ko a kaina ne, aka ƙi.

Bawa ya sauko da sanda. Ba ya ko buƙata, amma al'ada ce. Ya ɗora ta a tsakiyar kaina, gashina na gaskiya ya tsaya a wuya, sauran ƙarfen yana lilo a bayana tsirara. Ya ɗaga murya ya ce, “Bai kai ba. Saura biyar.”

Hansai ta riga ta juya, maƙwabciya tana riƙe da ita. Ta tsaya, ta karkata kai. Ta ce, “Biyar na wa, Bawa?”

Ya ce, “Nasa, Inna.”

Ta ce, “To, nasa ne. Ni na gama nawa. Mu je, rana ta yi zafi.”

Jama'a suka buɗe mata hanya, ta shige ta ƙofar da ba ni da ikon bi. Ni kuwa ina kan turmi, jelar ɓauna a cinya, jini yana bin bayan kunnena, Zangaru duka tana kallona, babba da yaro. Na buɗe baki in yi ko da kukan zakara ne, maƙogwaron ya ƙi.